Baƙar Butar Maƙwabciyata

A shekarata ta biyu a Guangzhou na gane cewa mutum yana iya wuni cur bai yi magana da kowa ba, kuma ba abin da zai same shi sai ɗacin baki. Maigidana lodin kaya yake yi wa 'yan kasuwarmu na Kano da na Maraɗi. In kwantena ta tashi cika sai ya tafi Nansha, bakin teku, wani lokaci ya kwana can, ya dawo yana warin kwali da gumi, waya biyu a hannu kowacce tana kuka. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Amma in na fara ba shi labari sai in ga idonsa ya lumshe tun ban kai tsakiya ba. Ni ma dai labarin nawa ba wani labari ba ne: na share, na goge, na dafa, na leƙa taga.

Wani tsohon bene muke haya a unguwar Liwan, kusa da kasuwannin sari. Ba mu da yara. Aurenmu ya kai shekarun da in na je suna a gida sai mata su riƙa ce min "saura ke" da wata murya mai taushi wadda ta fi zagi ciwo. Da aka ce in biyo shi China har murna na yi, na ce na huta da wannan magana. Na kuwa huta, sai dai har da sauran maganganun duka na huta. Sinancin da na iya bai wuce gaisuwa da godiya ba, sai kuma "meyo", wato babu, wanda shi na fi ji duk lokacin da na shiga kanti neman abin miya irin namu.

Ƙofar da ke kallon tamu ta daɗe a rufe, sai wata rana na dawo daga cefane na tarar da wata tsohuwa a bakinta, 'yar ƙarama, da farin mayafi da carbi a hannu. Ta dube ni ta ce, "Assalamu alaikum." Saura kaɗan ledar tumatir ta suɓuce min. Na amsa da ƙarfi har ta ɗan ja da baya. 'Yar Indiya ce, Musulma, ɗanta ne ya kawo ta. Shi yana sayar da kayan gyaran waya a unguwar Tianhe, ya fita da safe sai dare, kamar nawa.

To ni 'yar Kano ce, na tashi da kallon finafinan Indiya, don haka na ɗauka na iya yarensu. Da na buɗe baki sai na ga abin da na iya. Na san yadda ake cewa zuciya, da ƙauna, da rayuwa, na san yadda ake rantsuwar ɗaukar fansa, amma ban san yadda ake tambayar gishiri ba. Na haɗa mata abin da na haɗa, ta yi dariya har ta dafa bango, ta kama hannuna ta ja ni ciki.

Ta dafa shinkafa, kafin mu ci ta ɗauko buta da tasa don in wanke hannu. Butar ƙarfe ce mai nauyi, mai dogon wuya da siririn baki a lanƙwashe. Baƙa ce ƙirin, ba ta sheƙi, amma duk jikinta farin zane ne: furanni masu buɗaɗɗen baki, ganye, reshe yana bin reshe daga gindi har murfi. Na yaba a raina, na kuma ji tausayinta. A gidanmu ana goge kwanon jere har sai mutum ya ga haƙoransa a ciki, kuma baƙi a jikin ƙarfe ma'anarsa ɗaya ce, matar gidan malalaciya ce ko kuwa ƙarfinta ya ƙare. Na dubi yatsun tsohuwar, duk gaɓoɓin sun kumbura. Na ce a raina, baiwar Allah, ba ta da mai goge mata.

Washegari na zo da soson ƙarfe da lemun tsami a cikin mayafina. Tana kicin tana haɗa shayi, na ɗauko butar na ɗora a cinya, na yanka lemo. Ban kai ga taɓa ta ba na ji ihu. Yadda tsohuwar nan ta iso kaina ban san tana da sauri haka ba. Ta ɗaka min duka a bayan hannu, ta fizge soson ta yi jifa da shi, tana faɗa da yarenta ba ko numfashi. Tun da na bar gaban mahaifiyata ba wanda ya taɓa dukan hannuna. Haushi ya kama ni, na ce da Hausa, "Daga taimako?" Amma can ƙasan haushin akwai wani daɗi, domin ka san ba a dukan hannun bare.

Da ta huce sai ta juya butar ta nuna min ɓangaren da take jingina wa bango. Akwai tabo kamar faɗin tafin hannu, launin toka. Furannin suna nan a wurin, amma ba a ganinsu sai an karkata butar ga haske, fari ya ɓace a cikin fari-fari. Ta nuna tabon, ta nuna inda soson ya faɗi, ta riƙe kai.

Ɗan nata ne ya yi min bayani wata ranar Lahadi, da Turanci, yana yi yana duba waya. Ya ce sunan aikin bidri, na garinsu ne, can kudancin Indiya. Kakan mahaifiyarsa ne ya ƙera butar, ita kuma aka sa mata a kayan ɗaki. Ana narka tutiya da ɗan jan ƙarfe a zuba, a sassaƙe zanen da 'yar kurfi, a kwantar da azurfa a cikin ramin a buga da guduma, sannan a goge har komai ya zama fari, ba a bambanta zane da jiki. Daga nan sai a kawo ƙasa. Ba kowace ƙasa ba, ta cikin tsohuwar ganuwar garin, inda rana ba ta gani kuma ruwan sama bai taɓa ba. A tafasa ta da wani farin gishiri a shafa, nan take jiki ya koma baƙi, azurfar ta tsaya fes.

"Wata mai aiki da na ɗauko mata ce ta goge wancan gefen," in ji shi. "Niyyarta irin taki ce, 'yar'uwa. Tun daga ranar ba ta ƙara yarda wani ya shigo mata ɗaki ba, sai ke."

Na ce ba za a aiko da ƙasar daga can ba? Ya ce ko a can yanzu da ƙyar ake samu, kuma shi wa zai sa ya tsaya neman ƙasa? Ya ce ya sha yi mata tayin sabuwar buta ta ƙi. Tsohuwar tana zaune tana bin bakinmu da kallo. Da ta ji ya ambaci ƙasa sai ta dangwali iska da yatsa ta kai harshe, ta yamutsa fuska ta tsuke baki. Ya ce, "Haka mahaifinta yake yi. Da harshe suke gane ta. In ba ta ciji harshe ba, ba ita ba ce."

Daga nan kullum bayan azahar ina ɗakinta. Takan ɗiga man kwakwa a tsumma ta ba ni, ta zauna tana gadina kamar wadda ta ba ɓarawo ajiya. Ta kama yatsana ta bi da shi a kan zanen, ta sa in rufe ido. Wallahi ba ka jin inda azurfa ta ƙare baƙi ya fara, sumul yake. Ta nuna min cewa rassan da zaren azurfa aka yi su, siriri kamar na ɗinki, furannin kuwa falle ne aka yanka aka kwantar. A kusa da mariƙi akwai inda wani ganye ya fita, ramin ya bayyana, gindinsa duk ƙananan sara ne don azurfar ta sami abin kamawa. Mukan yi awa guda a kan wuyan butar kaɗai. Tana magana da nata yaren, ina amsawa da nawa, ba mai jin wani, kuma ba wadda ta taɓa yin shiru don haka.

Na ce wa maigidana, "Ka san ashe baƙin shi ne adon? In babu shi azurfar ma ba ta fitowa."

Ya ce, "Ki je ki gaya wa masu kallonmu a jirgin ƙasa. Ga mu baƙi, ga mu baƙaƙe." Ya yi dariya, ya juya ya amsa waya.

Ana cikin haka ɗan ya tare ni a matakala ya ce bayan babbar salla zai kai mahaifiyarsa wurin ƙanwarsa da ke aure a wata ƙasar Larabawa. Zamanta a nan ya ƙare, garinsu kuma an sayar da gidan, ba wurin wa za ta koma. Ya ce akwai jikarta a can da za a aurar, ita take so ta ba wa butar, amma ta ce kunya take ji ta miƙa wa yarinya abu da tabo, alhali ita lafiya lau aka miƙo mata.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Tafiyarta ta dame ni, amma wannan ba ni da yadda zan yi da ita. Tabon ne na ga kamar ina da yadda zan yi. A al'adarmu ba a rabuwa da mutumin kirki hannu sake, to me zan ba ta? Duk abin da zan saya a garin ne aka yi shi, har sallayar da nake salla a kai. Sai na tuna ɗakin kakata a cikin birni, ɗakin soro na ƙasa, a can ƙuryar gida, wanda aka rufe tun rasuwarta. Ko da rana tsaka sai an kunna fitila a ciki. A gindin bangon akwai wani farin zartsi da yake fitowa, muna yara mukan kankara mu lasa, ya ciji harshe, mu yamutsa fuska mu tsuke baki. Daidai yadda tsohuwar nan ta yi.

Da na gaya wa maigidana sai ya ce, "Ƙasa? Mutane suna aikawa a kawo musu kilishi da daddawa da yaji, ke ƙasa? Don Allah kada ki bari a ji, a ce na kawo ki China kin koma wasan ƙasa." Amma ya ce akwai wani Alhaji mai sarin yadi da zai taso daga Kano kafin salla, zai iya riƙo ƙaramin ƙunshi.

Ni ce 'yar fari a wurin Umma, ko sunana ba ta faɗa, kuma hirarmu ba ta wuce gaisuwa da addu'a. Ban ga ta inda zan fara yi mata bayanin butar wata 'yar Indiya ba. Sai na aika mata saƙon murya a gajarce. Na ce, "Umma, wani abu nake so, kada ki yi min dariya, kuma kada ki gaya wa kowa. Ƙasa nake so. Irin ta gindin bangon ɗakin Kaka, mai ɗan cizon harshe. Na matsu da ita ƙwarai, ko barci ba na yi sosai."

Amsarta ta zo da wuri. Ta ce, "To. To, to. Alhamdulillahi. Na gane, ba sai kin ƙara cewa komai ba." Muryarta tana rawa. Na ɗauka tuna Kaka ne ya taɓa ta.

Kafin ƙunshin ya iso muka shiga neman farin gishirin. Tsohuwar ta ce sunansa naushadar, ni kuma kunnena ya ji kamar sinadari ta ce, irin na maƙeran farfaru. Muka fita tare, ita da mayafinta ni da nawa, muka bi layin masu kayan ƙarfe muna nuna rubutun da ɗanta ya sa mana a waya. Meyo, meyo, meyo. Wani ya ɗaga mana hannu tun ba mu ƙaraso ba. Can wajen masu kayan walda wani dattijo ya duba, ya shiga ciki ya fito da shi a leda. Muka dawo muna haki, muka sayi rake a hanya. Tun zuwana garin, ranar ce na fara fita da wata buƙata da ba ta tukunya ba.

Ƙunshin ya iso saura 'yan kwanaki su tashi. An naɗe shi da leda an ɗaure da tsumman atamfa, ɗaurin Umma, na gane shi tun daga nesa. Ya fi yadda na zata girma. Ban tsaya buɗewa ba, na tsallaka da shi ɗakin tsohuwar, na ajiye a gabanta ina nuna butar ina nuna harshena. Ta gane, ta dafa ƙirji, ta zauna a ƙasa tare da ni.

Na kwance. Abin da ya fara fitowa farar ƙasa ce, ta kasuwa, guntu-guntu masu tsabta, irin wadda mata masu ciki suke gwaguya. Ƙarƙashinta tsamiya ce da goruba. A can ƙasa kuma sabon majanyi ne a ninke, da 'yar hular saƙa wadda ko dunƙulen hannuna ba za ta rufe ba.

Na daɗe ina kallon kayan kafin kaina ya haɗa. Na tuna abin da na faɗa da bakina: ƙasa nake so, na matsu, kada ki gaya wa kowa. Wace uwa ce a Kano za ta ji haka daga 'yarta da ta shekara da shekaru tana jira, ta kawo buta a ranta? Ta ƙi aiko min da ƙasar bango ne don kada ta cuce ni, ta je kasuwa ta zaɓo wadda ake ci.

Tsohuwar ta ɗaga 'yar hular. Fuskarta ta washe, ta tafa hannu, ta ce, "Mubarak! Mubarak!" Ta miƙo hannu ta dafa cikina.

Na nemi kalma a Hausa, ba za ta ji ba. Na nema a yarenta, duk tarkacen ƙauna da fansar nan ba wanda ya yi min rana. Sai na ce mata, "Meyo."

Ta dube ni. Na sake cewa, "Meyo," na girgiza kai. Hannunta bai bar cikina nan da nan ba. Ta ninke hular a hankali ta mayar cikin majanyin, ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta. Na yi kukan da ban yi a gidan suna ko ɗaya ba, har na jiƙa mata mayafi, ita kuma tana bubbuga bayana tana ta maganarta.

Da na natsu, ita ce ta ɗauki guntun farar ƙasar ta kai harshe. Ba ta yamutsa fuska ba. Ta san ba ita ba ce, ni ma na sani. Duk da haka ta tashi ta ɗora tukunya, don kada wahalata ta tashi a banza. Muka daka, muka zuba gishirin, ya tafasa, ta shafa a kan tabon da tsinke da auduga tana kaffa-kaffa da gefen da yake lafiya. Muka jira. Ta wanke, ta shafa mai. Tabon yana nan yadda yake, sai dai ya ɗan ƙara duhu kamar bangon da ya sha hayaƙi. Ta ɗaga kafaɗa, ta yi min murmushi, ta naɗe butar a cikin wani tsohon zani ta sa a akwati.

Ranar tafiyarsu ta riƙe fuskata da hannu biyu ta yi doguwar magana. Ɗanta yana tsaye da akwatuna yana duba agogo, ya ce, "Addu'a take yi miki." Na ce amin. Na raka su har bakin titi, motar ta shige cikin sauran motoci. Ban karɓi lambar kowa ba, domin ko na kira, me za mu ce a waya, mu da hirarmu ta hannu ce?

Saƙonnin Umma kuwa suna ta shigowa. Ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai dai ta ce kada in ɗauki abu mai nauyi, in rage hawa bene, in riƙa cin ƙasar kaɗan-kaɗan. A wani saƙon na ji tana dariya da wata a gefe, dariyar da na manta tana da ita. Ina saurara in ajiye wayar. Maigidana ya ce, "Ko ni in kira ta?" Na ce a'a, ni na ƙulla.

Na bari sai wata ranar da ya tafi Nansha. Bayan la'asar ɗinmu, lokacin su hantsi ne, na san ta gama aikin safe. Muka gaisa, ta tambayi jiki da wata irin murya. Na ce, "Umma, saƙo ya iso, na gode, Allah ya saka. Amma ba abin da kike zato ba ne. Ba ni da komai. Wata buta ce ta maƙwabciyata ta yi tabo, ita ake gyarawa da ƙasar."

Na duba wayar ko layin ya yanke. Ina jin kaji a tsakar gidanmu, da wani yana jan guga. Na ji ta ja numfashi ta haɗiye abin da ta haɗiye.

Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Sannan ta ce, "To ita butar, ƙasar ɗakin Kakar taki take so? Mabuɗin yana wurina. In sa a kankaro yau."

Na ce, "Ki bar shi, Umma. Mai butar ta tafi."

Ta ce, "To yanzu ke da wa kike wuni?"

Na ce, "Ni kaɗai."